Awon lafiya a ƙofar ƙasar wani: jiki ake dubawa ko farashin mutum?

Ranar wata Alhamis, bayan la'asar, ina zaune a zaure ina gyaran takardun ƴan ajina, sai wani tsohon ɗalibina ya yi sallama. Shekara 12 ke nan da ya bar hannuna. Yau malamin jinya ne, yana da mata da ƴaƴa 3. Bayan mun gaisa ya zaro wasu takardu daga jaka, ya ce yana neman izinin zama na dindindin a ƙasar Kanada, yana so in duba masa Faransancin da ya rubuta kada a samu kuskure. Na duba, Faransanci ba laifi. Amma a gurbin da ake jera sunayen ƴaƴa, suna 2 kawai na gani. Na ɗaga kai na dube shi. Ya sunkuyar da kai, ya ce:

«Mushe, ƙaramar ce na cire. Ka san tana da emasi. An ce mini in lokotoronsu ya gan ta, dukanmu za a hana. Wani ya ba ni shawara in bar ta wurin tsohuwa, in an tambaya in ce ɗiyar wana ce nake riƙo. In mun zauna da gindinmu, daga baya a san dabarar ɗauko ta.»

Yarinyar shekararta 4. Emasi kuwa, wato amosanin jini, ciwo ne da ake gado daga uwa da uba, ba a ɗaukar sa daga wani. Ban ba shi amsa nan take ba, na ce ya bar mini takardun ya dawo bayan kwana biyu. Abin da na yi ta juyawa a raina cikin kwanakin nan shi nake so in shimfiɗa a gaban mai karatu, domin kuwa tambayar ta wuce gidan ɗalibina: mene ne ƙasa ke da haƙƙin tambayar jikin baƙon da ya zo neman zama a cikinta, kuma a ina wannan haƙƙi ya tsaya?

Abin da ake yi wa mai nema

Duk wanda ya nemi zama na dindindin a Kanada, tilas a yi masa awon lafiya, shi da matarsa da ƴaƴan da ke ƙarƙashinsa, har da waɗanda ba za su bi shi tafiyar ba. Ba kowane likita ke yin awon ba. Hukumar shige da fice ta ƙasar tana da jerin likitocin da ta amince da su a ƙasashen duniya, wurinsu kaɗai ake zuwa, mai nema kuma shi ke biya daga aljihunsa. Likita zai tambayi cututtukan da mutum ya taɓa yi, ya auna nauyi da tsawo da bugun jini, ya duba ido, ya saurari ƙirji. Wanda ya kai shekara 11 a ɗauki hoton huhunsa don neman tarin fuka. Wanda ya kai 15 a ɗebi jininsa don gwajin sida da tunjere. Sakamakon awon wata 12 yake aiki, in suka wuce sai a sake. Likitan da ya taɓa jikinka kuwa ba shi ke yanke hukunci ba. Aikawa yake yi, wasu likitocin hukuma da ba su taɓa ganin fuskarka ba su karanta, sa'an nan jami'in biza ya zartar.

Dokar shige da fice da kare ƴan gudun hijira, wadda ta fara aiki a 2002, ta ba da dalilai 3 a sashenta na 38 da za a iya hana mutum saboda lafiyarsa: in yana iya zama haɗari ga lafiyar jama'a, in yana iya zama haɗari ga tsaron jama'a, ko in ana kyautata zaton zai ɗora wa asibitoci da ma'aikatun jin daɗin jama'a nauyin da ya wuce kima. A ƙa'ida kuma, in mutum ɗaya cikin iyali ya faɗi, iyalin duka sun faɗi.

Wanda ya lura zai ga cewa tambayoyi iri 2 ne aka ɗaure cikin ƙunshi ɗaya. Ta farko ita ce: shin za ka cuce mu? Ta biyu ita ce: nawa za ka ci mana? Likita ɗaya ne, allura ɗaya ce, takarda ɗaya ce, amma a ma'aunin ɗa'a nauyinsu ya bambanta ƙwarai.

Tambaya ta farko

Game da ta farko ba ni da ja. Rigakafi ya fi magani, kuma mu da muka ga abin da sanƙarau ke yi cikin watannin zafi ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Mu ma muna tambayar baƙo takardar allurar shawara kafin ya shigo Nijar. Maniyyacinmu kuma ba ya hawa jirgin Makka sai da shaidar allurar sanƙarau, ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin cin mutunci ba. Tarihin Musulunci ma ya riƙe mana misali: a shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Halifa Umar ya juya da ayarinsa daga hanya bayan ya yi shawara da sahabbai, aka kuma tuna masa umarnin Manzon Allah na kada a shiga ƙasar da annoba ta sauka, kada kuma na ciki su fita.

Kanada ma ta sha nata ɗacin. A 1832, saboda tsoron kwalara, aka buɗe wurin killace baƙi a tsibirin Goros-Il, cikin kogin San-Loran, kusa da birnin Kebek. A 1847 jirage suka yi ta sauke mutanen Ailan da yunwa ta koro daga ƙasarsu, zazzaɓin tifus na cin su. Fiye da mutum 5,000 aka binne a tsibirin cikin shekarar nan kaɗai. Ƙasar da ta ga haka ba za a zarge ta ba don ta ɗauki hoton ƙirjin baƙo.

Abin da ya sa wannan tambaya ta zama mai adalci shi ne tana da ƙofar fita. Wanda aka samu da tarin fuka mai yaɗuwa, takardunsa ake dakatarwa, ya sha magani na wata 6 ko fiye, in ya warke a ci gaba. Ciwon ake tsarewa a bakin ƙofa, mutumin kuwa ana jiran sa. Sau da yawa ma awon nan ke ceton ran wanda bai san yana ɗauke da cutar ba.

Sai dai ko a nan akwai wurin yin hattara, domin tsoro kan ari rigar kare lafiyar jama'a ya saka. Amurka ta hana masu ɗauke da ƙwayar sida shiga ƙasarta tun daga 1987, alhali cutar ba ta bin iska, ba ta bin musafaha. Sai a watan Janairu na 2010 aka ɗage hanin. Shekara 22 ana kora mutane a kan haɗarin da ilimin likita bai tabbatar ba. Ke nan ko tambaya ta farko sai an ɗaure ta da hujja.

Tambaya ta biyu

Ɗiyar ɗalibina ba ta da abin da za ta shafa wa kowa. Tambaya ta biyu ce ke jiran ta. A nan hukuma kan ƙiyasta kuɗin magani da jinya da mutum zai ci, galibi cikin shekara 5 masu zuwa, ta gwada da wani ma'auni. Kafin 2018 ma'aunin shi ne matsakaicin abin da ake kashe wa ɗan Kanada ɗaya a shekara, wajen dalar Kanada 6,600. Wanda aka ga zai wuce haka, ko da kaɗan ne, yana iya faɗuwa, har kuɗin makarantar yara masu bukata ta musamman ana sakawa cikin lissafin.

Wannan tambaya ma tana da tarihi, amma ba daga tsibirin killacewa ta fito ba. Dokar shige da fice ta 1910 ta jera waɗanda ba a so: masu raunin hankali, masu farfaɗiya, masu taɓin hankali, bebaye da makafi da sauran naƙasassu kuwa sai in suna da dukiya ko mai ɗaukar nauyinsu. An daɗe da goge waɗannan kalmomi daga doka, aka maye gurbinsu da adadi. Amma adadin yakan faɗa kan mutanen da kalmomin suka faɗa wa jiya.

Su ƴan Kanada da kansu ba su yi shiru a kan haka ba. A 2005, a shari'ar Hilewitz, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a hana iyali don sunan ciwon ɗansu kawai. Tilas a dubi halin kowane mutum shi kaɗai, a kuma yi la'akari da niyyar iyali da ikonsu na ɗaukar nauyin hidimar jin daɗin da yaron zai bukata. A 2016 maganar wani malamin jami'ar York ta Toronto, ɗan ƙasar Kosta Rika, ta cika jaridu: yana koyarwa, yana biyan haraji, amma aka shaida masa cewa ana iya hana iyalinsa zama saboda ɗansa da aka haifa da larurar Dawun. Sai da minista ya sa baki aka bar su. A ƙarshen 2017 wani kwamitin majalisar dokoki ya ba da shawarar a soke wannan sharaɗi gaba ɗaya. Gwamnati ba ta soke ba, amma a watan Afrilu na 2018 ministan shige da fice Ahmed Hussen, wanda shi kansa da gudun hijira ya shigo ƙasar daga Somaliya, ya ninka ma'aunin sau 3, zuwa kusan dala 20,000 a shekara, ya kuma cire kuɗin makarantar musamman daga lissafi. A 2024 ma'aunin ya kai dala 26,220 a shekara, wato wajen miliyan 11 na sefa. An faɗaɗa ƙofa ke nan, amma sikelin yana nan rataye a bakinta.

Hujjar mai rumbu

Adalci ne mu saurari mai gida. Zai ce: a ƙasarmu ganin likita da kwanciya asibiti da kuɗin haraji ake biya, duk wanda muka ba zama na dindindin mun ba shi cokali a cikin ƙwaryarmu. Tsofaffinmu na jiran layin fiɗa wata da watanni. Wane magidanci ne zai tara baƙi bai leƙa rumbunsa ba? Kuma ba wanda ke bin mu bashin zama. Ko Kant, masanin falsafa na Jamus, da ya yi rubutu a kan haƙƙin baƙunci a 1795, iyakar abin da ya ba baƙo shi ne kada a tarbe shi da gaba in ya zo ziyara, kada kuma a kore shi in korar za ta halaka shi. Zama na dindindin kuwa ya bar shi a hannun masu gida.

Wannan hujja tana da ƙarfi, musamman gare mu da muka san ma'anar rumbu a shekarar fari. Ban ƙaryata ta ba. Amma ina da abu 3 da zan ce a kanta.

Na ɗaya, littafin lissafin shafi ɗaya gare shi. Ana rubuta abin da yarinya za ta ci, ba a rubuta abin da gidansu zai kawo. Ubanta malamin jinya ne, talakan Nijar ne ya biya karatunsa tun daga ajin farko har ya samu takardar shaidar aiki. Zai isa can da ƙarfinsa, ya yi shekara 30 yana ɗaga tsofaffinsu yana kwantarwa, yana biyan haraji. Ƴan'uwanta 2 za su girma su yi aiki. Ita kanta, wa ya ce ba za ta zama abin da ƙasar za ta yi alfahari da shi ba? Ɗan kasuwar da ke ƙirga asara kaɗai, ba ya ƙirga riba, ko a kasuwar Maraɗi ba za a kira shi mai lissafi ba.

Na biyu, abin da ake tsarewa bai taka kara ya karya ba. Kafin gyaran 2018, mutum kusan 1,000 ne a shekara ake samu da wannan matsala, a ƙasar da ke karɓar baƙi ɗaruruwan dubbai kowace shekara. Sa'an nan awon ba ya ganin gobe: mai shan taba kwali guda a rana yana iya wucewa da huhu fes a hoto, ya kwanta asibiti bayan shekara 10. Wanda ciwonsa ke da suna yau shi ake kamawa.

Na uku shi ne mafi nauyi. Dokar da kanta ta keɓe ƴan gudun hijira daga wannan sharaɗi, ta keɓe mata ko miji da ƴaƴan da mazaunin ƙasar ya nemi a kawo masa. Wato ta yarda cewa akwai alaƙar da ba a sa mata kuɗi. To me ya raba ɗiyar wanda ke ciki da ɗiyar wanda ke bakin ƙofa? Kant ɗin nan, a wani littafinsa na 1785, ya raba abubuwa gida biyu: abin da ake iya musanyawa da kwatankwacinsa yana da farashi, abin da ba shi da madadi kuwa ya fi ƙarfin farashi. Harshenmu ya riga ya ajiye wa na biyun suna, daga kalmar mutum ya ciro ta: mutunci. Ranar da aka rubuta adadi a gaban sunan yarinya, aka ce wannan adadi shi zai buɗe wa gidansu ƙofa ko ya rufe, an ɗauke ta daga gidan mutunci an kai ta gidan farashi.

Ɓarnar kuma ba a ofishin biza take tsayawa ba, har cikin ɗaki take shiga. Uban da ke tashi tsakar dare yana gasa wa ɗiyarsa gaɓoɓi da ruwan ɗumi in ciwon ya motsa, shi ne ya zauna da alƙalami ya tsallake sunanta. Ba mugu ba ne. An koya masa ne ya dube ta da idon mai lissafi, ya ga shinge a inda da yake ganin ɗiya. Duk dokar da ke sa uba nagari ya yi sha'awar ɓoye ɗansa, akwai abin da ya karkace a cikinta, ko da niyyar masu yin ta kyakkyawa ce.

Mu ma mu leƙa zaurenmu

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu nuna Kanada da yatsa, mu tambayi kanmu sau nawa muka kafa irin wannan sikeli ba tare da likita ko doka ba. Sau nawa aka fasa aure don an ji kakan yarinya ya yi kuturta, ciwon da yau ake warkarwa da ƙwayoyi kyauta? Yara nawa masu farfaɗiya aka cire daga lakwal don iyayen sauran sun ce ana ɗauka ta yawu, alhali ba a ɗauka? Mata nawa aka saka don suna haihuwar masu emasi, alhali rabin gadon daga mijin ya fito? Mu malamai, kurame da makafi nawa muka gani cikin azuzuwanmu tun da muka fara riƙe alli?

Garuruwanmu na da sun naɗa sarkin makafi da sarkin kutare. Gaskiya ne a gefe aka ajiye su, bara aka bar musu a matsayin sana'a, wannan ba abin yabo ba ne. Amma ba a ce su ba ƴan gari ba ne. Suna da mai magana da yawunsu a fada. Abin da ya kamata mu ɗauka daga nan shi ne gari da raunanansa yake gari. Ƙasar da ke son ƙarfin hannun baƙo, ta karɓe shi da iyalinsa kamar yadda Allah ya ba shi su, haka nan dangin da ke son haihuwar amarya su karɓi abin da ta haifa.

Kada kuma a rikita wannan da gwajin jini kafin aure, wanda nake goyon baya ɗari bisa ɗari. Can shawara ake ba mutum biyu kafin a samu rai na uku. Nan kuwa rai ya riga ya samu, yana da suna, yana gudu a tsakar gida.

Suna na uku

Da ɗalibina ya dawo, na fara da abin da doka ta ce, domin rabin tsoronsa jita-jita ce. Na ce masa sunan ciwo kaɗai ba ya hana kowa. Halin yarinyar za a duba, da irin maganin da take sha, da yawan kwanciyarta asibiti, a gwada da ma'aunin da yanzu ya faɗaɗa. In ma hukuma ta ga matsala, sai ta rubuto masa wasiƙa ta ba shi wa'adi ya kawo amsa da shaidar likitoci kafin a yanke. Dabarar da aka ba shi kuwa rami ce: wanda aka kama da ƙarya cikin takardu ana hana shi shekara 5, ana ma iya ƙwace zaman bayan an ba shi, ɗan da aka ɓoye ba a yi masa awo ba kuma, a ƙa'ida ba a iya ɗauko shi daga baya da sunan haɗa iyali. Wanda ya ba shi shawarar yana shirin raba shi da ɗiyarsa ne bai sani ba.

Sa'an nan na ce masa: «Ɗana, a ce ma dabarar za ta yi aiki. Wata rana yarinyar nan za ta iya karatu. In ta ci karo da takardar nan ta ga sunan yayyenta ba ta ga nata ba, me za ka ce mata? Su can suna da ikon su ce ba sa so. Kai ba ka da ikon ka ce ba taka ba ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannu lafiyarsa lau, ciwo kawai yake yi.»

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya miƙo hannu ya karɓi jan alƙalamin da nake gyara da shi, ya ga ja ne, ya mayar, ya laluba aljihu ya ciro nasa baƙi. Ya rubuta sunanta a layi na uku, da ranar haihuwarta, ya tambaye ni ko wasali biyu ake sa wa sunan a rubutun Faransanci. Na ce ya bi yadda yake a takardar haihuwarta.

Mu da ke koyarwa, ɗalibanmu za su ci gaba da zuwa mana da irin waɗannan takardu, domin hanyar ci-rani yanzu ta wuce Kano da Abijan ta kai Monreyal. Wajibinmu ne mu san dokar da kyau don mu raba su da masu sayar da dabara, mu kuma koya musu su miƙa wa likita ƙirjinsu da jininsu ba tare da ɓoye komai ba, amma kada su yarda adadin da za a rubuta ya zama shi ne darajar ɗansu a idonsu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu zama masu sauke baƙo da kayansa duka.